Ɗana yana kai wa mutanen daji ƙwaya: in rufa masa asiri ko in kai shi hukuma?

Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a cikin garin Sakkwato. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyar. Babban, wanda shi ne ɗan farina, shekararsa 23, yana kabu-kabu da babur ɗin da wani mai kuɗi ya ba shi. Da can abin da yake kawowa bai wuce na cefane ba. Tun bara kuɗi suka ƙaru, ya sauke mana buhun shinkafa, ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, ni kuwa ina ta sa masa albarka. Daga baya na lura ba ya barci, ba ya cin abinci, ya rame, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi yana kakkafewa, kumfa na fita a bakinsa. Maƙwabta suka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi da rubutu. Kwanan nan na ci karo da kwalaye a cikin buhun dusa, cike da katin ƙwayoyi, an rubuta 225 a jiki. Washegari babu su. Ƙanensa ya gaya mini kayan maigidansa ne, a gidanmu suke kwana, da asuba ya kai su wani ƙauye gaba da Goronyo, mutanen daji su aiko a karɓa, kuma shi ma yana sha. Baffansa ya ce a kai shi gidan mari ko a miƙa shi ga hukuma. Yayata ta ce aure za a yi masa ya natsu. Ni ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi. Ina tsoron kurkuku, ina tsoron maigidan nasa, ina tsoron abin da muka ci. Wani dare har na yi niyyar yi masa baki. Me zan yi?

Uwar marayu, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya dafa miki a kan renon marayun nan. Kafin komai, ki janye maganar baki. Zuciyar uwa takan cika har ta rasa abin faɗi sai mummunar kalma, ban ga laifinki ba da abin ya ɗarsu a ranki. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, don kada a dace da sa'ar da ake amsawa. Yaron nan yana tsakiyar mutanen da ba su ƙi ya mutu gobe ba muddin kayansu sun isa. Bakinki ne kaɗai ya rage masa wanda yake so kuma yake tsoro. Ki adana shi, akwai ranar da za ki buƙace shi, kuma ranar ta kusa.

Matsala biyu ce a wasiƙarki, kuma duk wanda ya ba ki shawara guda ɗaya ya hango. Ɗanki ba shi da lafiya, ƙwaya ta kama jikinsa. Ɗanki kuma yana ɗaukar kayan da ake cutar bayin Allah da su. Baffansa laifin ya gani, shi ya sa yake maganar mari da hukuma. Yayarki rawar kai ta ƙuruciya ta gani. Maƙwabta faɗuwar suka gani suka ce iska. In aka yi masa magani aka bar shi a kan babur ɗin, ba zai yi mako ba ya koma. In aka raba shi da babur aka bar ciwon, da ƙafarsa zai je ya nemi wani maigidan, domin jikinsa zai tilasta masa. Dole a kama biyun tare.

Bari in fara da faɗuwar, don ita ce za ta iya ɗauke miki shi tun kafin a yi maganar kurkuku. Lambar 225 da kika gani ta tiramadol ce, wadda yara ke kira tiramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su kodin. Wanda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince a shigo da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum mai ciwo na gaske. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura wannan iyaka, wanda kuwa ya shekara yana sha ba ya tsayawa a biyu. Sanannen abu ne a asibiti cewa tiramadol in ta yi yawa tana jefa mutum cikin farfaɗiya, ko da babu mai ita a danginsa. Rashin barcin, ramar, ƙin abincin da saurin fushin duk tafiyarsu ɗaya da ita. Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Tun da Indiya ta tsaurara dokar tiramadol a 2018, masu safara suka fara shigo da wasu ƙwayoyin masu irin wannan lamba da irin wannan kati, amma abin da ke ciki tapentadol ne haɗe da carisoprodol, haɗin da ke danne numfashi, wanda Indiya kanta ta haramta a 2025. Ke nan shi kansa ɗan naki bai san abin da yake haɗiya ba.

Idan ya sake faɗuwa, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a janye duk abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko madara, kada a danne shi, kada a turnuƙe shi da hayaƙi, domin numfashi yake nema. In kakkafewar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti kai tsaye. Haka in kika same shi yana wani irin barci mai nauyi da minshari, an tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa yana ja da ƙyar, leɓɓansa sun yi duhu. Wannan ba barcin gajiya ba ne, a ɗauke shi a lokacin, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha. In da hali a tafi da katin ƙwayar da ya sha. Likita ba ɗan sanda ba ne, akwai allurar da ke karya ƙarfin irin wannan ƙwaya, amma sai ya san da me yake faɗa.

Kada ki ɗauka gidanki kaɗai wannan masifa ta shiga, ko tarbiyyarki ce ta gaza. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol suke sha, kuma kusan miliyan 3 daga cikin miliyan 14.3 ɗin a nan Arewa maso Yamma suke. Da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan kabu-kabun da zai wuni a zafin Sakkwato yana neman balas ɗin maigida, da leburan da ke sauke siminti, da mai ban-ruwa a fadamar albasa, aboki ne ke miƙa musu guda ɗaya ya ce tana kashe gajiya. Da farko tana kashewa ɗin. Bayan 'yan watanni sai ya zama in bai sha ba ko tashi daga shimfiɗa ba ya iyawa.

A daidai nan masu kayan suke jiran yaro. Ƙwayar nan ba a Sakkwato ake yin ta ba. Akasarinta daga Indiya take tasowa cikin kwantena, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Onne ko na ƙasashen maƙwabta, ta hau manyan motoci a ɓoye ƙarƙashin wasu kaya, wata kuma ta ratsa iyaka irin ta Illela da Konni, shiga ko fita. Daga mai kwantena zuwa mai sito, daga mai sito zuwa dila, kowa yana cin ribarsa ba tare da ya hau hanyar daji ba. Wanda ke hawa hanyar shi ne yaro mai babur. Ki tambayi kanki, me ya sa mutum mai kuɗi, mai gida da katanga da ƙofar ƙarfe, kayansa ba sa kwana a gidansa sai a buhun dusar uwar marayu? Ya zaɓi ɗanki ne don ya san yana sha, mai sha kuwa ba ya iya cewa a'a. Ya zaɓi gidanki don ya san babu namiji babba a ciki, ya kuma san kunya da tsoron surutun unguwa za su rufe miki baki. Shirunki yana cikin lissafinsa tun ranar da ya ba da babur ɗin. In aka kai samame, ba a ɗakinsa za a sami komai ba. Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda ya bari aka ajiye irin waɗannan kaya a gidan da yake kula da shi da saninsa, mai safara kuwa hukuncinsa na iya kaiwa rai-da-rai. Da ba ki sani ba, yanzu kin sani.

Akwai maganar da ba zan sassauta miki ba, don na ga alamar ke ma ita ce ke hana ki barci. Kin san inda kayan nan ke zuwa. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka rasu. A Disambar wannan shekarar aka ƙona matafiya sama da 20 a cikin mota a yankin Sabon Birni. Har yau akwai garuruwa a Isa da Sabon Birni da Rabah da manomi ba ya shiga gonarsa sai an biya haraji, ga mata da yara da suka baro gidajensu suna kwana a kangaye a cikin garin nan, kina ganinsu a bakin titi. Mutanen daji ba sa rayuwa sai da na gari: mai kai mai, mai kai burodi, mai kai labari, mai kai ƙwaya. Ƙwayar tana cikin abin da ke busar da zuciyar yaro mai bindiga, ta hana shi barci da tsoro da tausayi. Ɗanki bai taɓa harbin kowa ba, na yarda. Amma a cikin waɗanda Manzon Allah ya la'anta a kan giya har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗaukar wa, malamai kuma ba su raba giya da sauran abin da ke gusar da hankali ba. A wajen hukuma ma, tun da kotu ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen 2021, mai kai musu kaya ba ƙaramin laifi ake tuhumarsa da shi ba. Wannan ma in ya kai gaban alƙali ke nan. Yaron da aka tare a hanyar daji da kwalin ƙwaya, a hannun 'yan sa-kai ko a hannun mutanen garin da aka kashe wa 'yan'uwa, sau da yawa ba ya kaiwa kotu. Su kansu mutanen dajin, ranar da suka yi zargin ya kai rahotonsu, ba za su tsaya bincike ba.

To, ga abin da nake ganin za ki yi. Ki fara da ajiye alkunyar ɗan fari na dare ɗaya. Al'adarmu ce, ina girmama ta, amma ba a yi ta don a bar ɗa ya hallaka ba. Ina ma ganin za ta yi miki amfani: yaron da bai taɓa jin uwarsa ta dube shi ido da ido ta kira sunansa ba, ranar da ya ji, jikinsa zai yi sanyi fiye da a ce an tara masa dattawan unguwa. Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba sa'ad da ya sha ba, ba kuma sa'ad da jikinsa ke neman ta ba. Kada ki tara jama'a. Ke da shi, sai mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, kawunsa ko malamin da ya karantar da shi. Kada ki ambaci ƙanensa, ki ce da idonki kika gani, gaskiya ce kuma. Ki faɗa masa kin san ya ɗauki nauyin gidan nan tun yana ƙarami, kin san don ku ya fara, ba ki manta ba. Sa'an nan ki faɗa masa abu uku ba tare da kwana-kwana ba: kaya ba za su sake kwana a gidan nan ba, kuɗin wannan hanya ba zai sake shiga tukunyarki ba, kuma gobe za ku tafi asibiti tare. Zai musanta, zai yi fushi, wataƙila ya yi kuka ya rantse ya daina daga yau. Kada ki karɓi rantsuwa a madadin asibiti. Ba ƙarya yake yi ba lokacin da yake rantsuwar, jikinsa ne ba zai bar shi ya cika ba. Ki kuma tambaye shi a natse ko maigidan yana binsa bashi, da ko an taɓa yi masa barazana, domin amsar ita za ta nuna muku irin takatsantsan da za ku yi.

Asibitin da nake nufi shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kan hanyar Illela, ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan cikin gari. Na san abin da mutane ke cewa in an ambaci Kware. Ki toshe kunnenki. Masu shaye-shaye suna cikin waɗanda ake dubawa a can kullum, kuma da yawa sun koma gida sun ci gaba da sana'arsu. Dalilin da ya sa nake nace wa asibiti shi ne yanke ƙwayar nan farat ɗaya azaba ce: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, amai, rashin barci, fargaba, abin yakan yi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, ya ɗauki mako ko fiye. In kuma yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam ko roci, kamar yadda yawancinsu ke yi, yankewa kai tsaye tana iya kawo farfaɗiyar da za ta kashe shi. Likita ne ya san yadda ake ragewa sannu a hankali da abin da ake bayarwa don sauƙaƙa wahalar. Saboda haka kada a kulle shi a ɗaki a ce ya sha wuya ya daina.

Gidan mari kuwa, ki ba baffansa haƙuri. Duk mun ga abin da aka fito da shi a 2019, lokacin da aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna aka sami ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, aka kuma sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi, kamar ke yau. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin dila, amma ranar da aka kwance ta yaro yakan fito da ƙwayar a ransa, ga ƙiyayyar wanda ya kai shi. Addu'a da ruƙiyya da sadaka, ki riƙe su hannu bibbiyu, ki tashi cikin dare ki kai kukanki inda ake share hawaye. Tare da maganin asibiti za su tafi, ɗaya ba ya korar ɗaya. Aure kuwa a ajiye shi. 'Yar mutane ba asibiti ba ce, kuma babu adalci a ɗaura mata aure da wanda aka ɓoye wa iyayenta halinsa. In ya warke ya shekara a tsaye da sana'ar halal, a yi maganar.

Babur ɗin shi ne igiyar da aka ɗaure shi da ita, kuma Allah ya ba ku hanyar kwance ta ba tare da ƙarya ba. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, ba kafin nan ba, baffansa da wani dattijo su tura babur ɗin su kai wa mai shi da rana tsaka, a gaban shaidu, da makulli da takardu da duk balas ɗin da ya rage. Abin da za su faɗa kaɗan ne: yaro ba shi da lafiya, yana faɗuwa, likita ya hana shi hawa babur. Kada su ambaci ƙwaya, kada su yi gori, kada su yi barazanar kai ƙara. Shi kansa mai kayan ba ya son ɗan aiken da zai kife a hanya kaya su watse a gaban jami'ai, don haka ya fi sauƙi ya sake shi a kan wannan dalili. Ke kuwa kada ki taka ƙofar gidansa, kada ki kira shi a waya, kada ki aika masa da magana ta bakin kowa. In har a daren da kika zaunar da yaron akwai kaya a gidan, kada ki bari su tafi daji, kada ki ƙona su, kada ki zuba a masai, kada ki mayar da hannunki. Wannan ya zama maganar lauya da NDLEA a ranar, ku kuma ku koma gidan 'yan'uwa na ɗan lokaci.

Sai tambayarki ta asali, hukuma. Ban goyi bayan a kama hannun yaron a kai shi a ce ga shi ku ɗaure ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In aka ɗaure shi, maigidan zai sami wani maraya kafin sati ya zagayo, kaya su ci gaba da tafiya. Amma ban goyi bayan a binne maganar ba. Mutanen Goronyo da Sabon Birni suna da haƙƙi a kan abin da kika sani, ɗan wata uwar da za a ba babur ɗin gobe shi ma yana da haƙƙi. Manzon Allah ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, taimakonsa shi ne a hana shi zaluncin. Abin da za a kiyaye shi ne lokaci da hanya. Sai yaro ya shiga hannun likita, ya yi nisa da inda hannun maigidan zai kai. Sa'an nan baffansa ya fara ganin lauya. In babu kuɗi, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba talaka lauya kyauta, tana da ofishi a Sakkwato. Lauyan ne zai faɗa muku abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa a hedikwatar NDLEA ta jiha, da yadda za a nemi a ɓoye sunanku. Ba a kai irin wannan magana majalisar ƙofar gida, ba a ba wani ɗan unguwa don an ce ya san manya, domin masu wannan harka suna da kunnuwa a wuraren da ba ki zata ba. Ba zan yi miki alkawarin ba za a yi wa ɗanki tambayoyi ba. Amma wanda ya zo da ƙafarsa, da lauya, da katin asibiti, matsayinsa dabam ne da wanda aka kama da kwali a kan babur. Hukumar tana da sashen ba da shawara ga masu shaye-shaye da iyalansu, tana kuma da layin waya na kyauta, 080010203040, da za ki iya kira ki yi tambaya ba tare da kin faɗi sunanki ba.

Abin da kuka ci a baya ba da sani ba, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, kada ki bar shi ya cinye ki. Daga yau ne hisabi ya fara. Abin da ya rage a gida na wannan kuɗi, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa yadda za a yi da shi, ba sai kin faɗi sunan kowa ba. Na san abin da nake nema a gare ki ba ƙarami ba ne. Cewa uwar yara biyar ta mayar da buhun shinkafa a wannan tsadar, faɗa ta fi aikatawa sauƙi. Shi ya sa nake so ki mayar wa baffansa da magana cikin ladabi: tun da ya damu har yana neman a kai yaro mari, to ga inda ake buƙatarsa, kuɗin asibiti da abincin marayun ɗan'uwansa na 'yan watanni. Nauyinsu ne a addini da al'ada, ba alfarma ba ce. Dangin uba su zauna su raba. Ki kai takardarki Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, marayu da marasa lafiya suna cikin waɗanda aka kafa ta dominsu. In kina da sana'ar hannu, ko ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinki, yayarki ta taimaka da jari maimakon kayan lefe. Yaron nan ya shiga wannan rami ne yana ganin in bai kawo ba babu mai kawowa. Muddin ya fito ya tarar da tukunya a kife, zai koma.

Bayan an sallame shi, kada ya dawo unguwar nan da wuri. Abokan shan suna nan, dilan yana nan, lambarsa tana wayar mutanen daji. A canza masa layi, a tura shi wurin ɗan'uwa a wani gari mai nisa inda akwai ido a kansa da aikin da zai gajiyar da shi, gini ko walda ko kanikanci ko tsaron shago, ban da kabu-kabu. A riƙa kai shi ganin likita a ranakun da aka ba shi, ko ya ce ya warke. Ki kuma shirya zuciyarki: da yawa sukan zame su sake sha sau ɗaya ko sau biyu kafin su tsaya da ƙafarsu. In hakan ta faru a koma asibiti da wuri, kuma ki sani komawa ga adadin da ya saba sha bayan jiki ya huta shi ne ya fi kisa, don haka ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙanen nan da ya faɗa miki gaskiya, ki jawo shi jiki, ki tabbatar ba a fara aikensa ba. Yadda ya san hanyar kayan dalla-dalla ya nuna an riga an saba da idonsa, kuma shi ne na farko da maigidan zai tuna da shi in babur ya rasa mahayi.

In kuwa kin zaunar da shi ya ƙi, ya ce ba inda za shi, to sharuɗɗanki suna nan daram: babu kaya a gidanki, babu kuɗinsa a tukunyarki, ƙofarki kuma a buɗe take gare shi ya ci ya kwana. Ki ba shi 'yan kwanaki, ba watanni ba, kawunsa da malaminsa su sake gwadawa. In ya ci gaba da hawa hanyar daji, baffansa ya tafi wurin lauya ko da yaron bai yarda ba, domin zuwa gaishe shi a gidan yari ya fi a aiko miki cewa an tsinci gawarsa a bayan Goronyo. Amma ba na jin za a kai nan. Yaron da ya fara tunanin kuɗin makarantar ƙannensa kafin ya saya wa kansa waya mai tsada, zuciyarsa tana gida. Ki kira kawunsa yau, ku tsayar da daren da za a yi maganar, ku kuma tanadi motar da za ta kai ku Kware da safe tun kafin ya canza ra'ayi. Allah ya ba shi lafiya, ya shirya mana zuri'a. Ki rubuto mini yadda kuka yi da likita.